Yadda Ake Gano Matsalar Numfashin Inji da Yoyon Fetur a Tsohon Babur

Idan tsohon babur ya fara jiƙewa da baƙin mai a gindin silinda, ko yana barin ɗigo a ƙasa duk inda aka kafe shi, abin da aka saba yi shi ne a kai shi gareji a canza gaskit da oyil sil, wato shimfiɗa da zoben roba da ke hana mai fita ta mahaɗan inji, a shafe ko'ina da gam, a biya kuɗi a tafi. Ba a daɗewa yoyon zai dawo, wani lokaci ma ta wurin da bai taɓa yi ba, domin gaskit ɗin da aka zarga ba shi ne tushen matsalar ba. A tsofaffin injina da yawa, abin da ke tura mai waje shi ne iskar da ta taru a ɗakin kiranshaf, wato ƙasan inji inda baƙin mai ke kwanciya, ta rasa hanyar fita, ko kuma fetur da ya sulale daga kabureta ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi, ya ƙara masa yawa. Matsalolin biyu suna tafiya tare fiye da yadda ake zato, shi ya sa ya kamata a bincike su a zama ɗaya, a kuma fara da abin da ba ya cin kuɗi kafin a kai ga kwance inji.

Me ya sa inji ke buƙatar numfashi

Ɗauki Honda CG125, wanda ya fito a 1975, wanda kuma aka kwaikwayi injinsa a babura masu yawa da ake hawa a ƙasar Hausa. Duk lokacin da fistin ya sauko, yana matse iska kimanin cc 124 a ɗakin da kiranshaf ke juyawa, idan ya hau kuma sai ya bar gurbi. A gudun juyi 5,000 a minti, wannan yana faruwa fiye da sau 80 a daƙiƙa ɗaya. Ban da haka, babu ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye fistin, da ke rufe silinda ruf. Kullum akwai ɗan hayaƙin ƙonewa da ke kuɓucewa ta gefen fistin ya gangara ƙasa, kuma gwargwadon tsufan ringi da silinda, gwargwadon yawan wannan hayaƙi. Saboda haka masu ƙera inji suka bar ƙofa guda a saman ɗakin kiranshaf ko a murfin kan silinda, suka sa mata tiyo. A tsofaffin babura tiyon yana sauka ne ƙasa ta bayan inji, bakinsa a buɗe, a waɗanda suka biyo baya kuma yana shiga akwatin matatar iska domin inji ya sake ƙona hayaƙin. Wannan shi ne tiyon numfashi. Idan ya toshe, matsin zai nemi wuri mafi rauni ya fita, ko ta oyil sil na sandar kiki, ko na sandar giya, ko na bayan ƙaramin sufuroket, ko ta gaskit, kuma duk inda ya bi sai ya tafi da mai.

Wannan bayani ya shafi injin da ke da baƙin mai a cikinsa, irin su CG125 da Bajaj Boxer da Honda C70 da C90. Injin da ke ƙona man 2T tare da fetur, irin su Suzuki A100 da AX100 da Yamaha RX100, tsarinsa daban ne, kuma bayaninsa na nan gaba.

Kafin ka taɓa komai

Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana bin daɓe, kuma yana iya kama wuta daga garwashin da ke nesa da inda kake aiki. Ka fitar da babur fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da janareta da mai shan sigari, ka bar inji ya huce kafin ka cire kowane tiyon fetur, ka ajiye bokitin yashi kusa. Kada ka zuƙi fetur da baki, domin kaɗan daga cikinsa idan ya shiga huhu yana iya yin mummunan lahani. Kayan da za ka buƙata ba su da yawa: sifana 8 da 10 da 12, sifanar fulogi, sukudireba, kananzir da buroshi, tsumma mai tsafta, hoda ko garin alli, farar takarda, ƙaramar leda da robar ɗauri, kwalba mai tsafta, da guntun tiyo wanda ake ganin cikinsa. Idan za a samu aron ma'aunin matsin silinda, zai taimaka ƙwarai.

Mataki na farko: karanta baƙin mai

Ka kafe babur a tsaye sak a wuri mai lebur, ba a kan jakin gefe ba. Idan ka kunna inji, ka kashe shi ka jira minti biyu ko uku mai ya koma ƙasa. Ka zaro gejin mai ka goge, ka mayar da shi ka sake zarowa. A Honda da injinan da aka kwaikwaya daga gare shi, ana ɗora gejin ne a bakin ramin ba tare da an ɗaure shi ba, kuma wanda ya ɗaure kafin ya karanta zai ga mai ya fi yadda yake.

Abu uku kake nema: yawa, wari da kauri. Inji ba ya ƙirƙirar mai, saboda haka idan ka ga ya haura layin sama alhali ba ka ƙara ba, wani abu ne ya shiga, kuma a injin da iska ke sanyaya shi, abin nan kusan kullum fetur ne. Ka shinshina gejin. Ka murza ɗigon man tsakanin babban yatsa da manuni: mai lafiya yana da santsi da danƙo, wanda fetur ya tsinka kuwa yana gudu kamar ruwa. Ka ɗiga kaɗan a farar takarda ka ajiye. Idan wani zobe mai haske ya bazu da sauri a kewayen baƙin ɗigon, akwai fetur a ciki. Idan kuma man ya koma launin shayi mai madara, ruwa ne ya shiga, kuma za ka ga ta inda ya bi idan ka zo kan tiyon numfashi.

Akwai kuma yiwuwar cewa hannu ne ya cika shi fiye da kima. CG125 da Boxer suna ɗaukar kusan lita ɗaya, C70 da C90 kuma ba sa kai haka, amma sau da yawa ana juye galan guda gaba ɗaya ba tare da an duba geji ba, ko a ƙara sabo a kan tsohon da bai gama tsiyayewa ba. Man da ya yi yawa kiranshaf na dukansa, ya yi kumfa, ya fita ta tiyon numfashi. Idan yawa ne kawai ba wari, ka rage shi zuwa tsakanin layuka biyu, ka ci gaba da bincike. Idan akwai warin fetur, kada ka sake kunna injin sai ka gano ta inda yake shiga, domin tsinkakken mai ba ya kare kamshaf da boris.

Mataki na biyu: gano ainihin inda yoyon ya fara

Inji mai datti ba ya nuna gaskiya, domin iskar tafiya tana kwashe mai daga gaba ta kai shi baya, nauyinsa kuma yana gangarar da shi ƙasa, sai a ga jiƙa a inda ba nan ne tushen ba. Ka wanke injin duka da kananzir da buroshi, ka goge, ka bar shi ya bushe sarai. Sannan ka barbaɗa hoda ko garin alli a wuraren da ake zargi: murfin kan silinda, gindin silinda, kewayen sandar kiki da ta giya, bayan ƙaramin sufuroket bayan ka cire murfinsa, noti na zubar da mai, da mahaɗin ɓangarori biyu na inji. Ka kunna, ka bari ya yi zafi, ka ɗan zagaya da shi, sannan ka dawo ka duba da kyau. Wurin da hodar ta fara yin duhu, wanda kuma ya fi kowanne tsawo daga ƙasa, shi ne mafarin.

Yadda yoyon ya rarrabu yana ba da labari. Idan wuri ɗaya ne tak, mai yiwuwa gaskit ko oyil sil na wurin ne ya gaji, ko wasa, wato ƙaramin zoben da ke ƙarƙashin notin zubar da mai, ta lanƙwashe. Idan kuwa wurare uku ko huɗu ne suke gumi lokaci guda, musamman bayan gudu mai nisa, to da wuya a ce duk sun lalace rana ɗaya. Matsi ne daga ciki yake tura su. Ka kuma lura cewa man sarƙa yana fantsama a bayan sufuroket, kuma mutane da yawa sun canza oyil sil mai lafiya saboda shi.

Mataki na uku: bin tiyon numfashi daga tushe zuwa baki

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, domin a nan ne aka fi samun matsalar, kuma sau da yawa gyaranta ba ya cin ko sisi. Ka nemo inda tiyon ya fito daga inji, ka bi shi da hannu har ƙarshensa. Ka duba ko ya lanƙwashe, ko firam ya matse shi, ko an ɗaure shi da waya har ya shaƙe, ko ya taɓa salansa ya narke ya manne. Tsohuwar roba takan yi laushi ta ciki ta rufe hanya alhali daga waje lafiya ƙalau take.

Ka cire shi gaba ɗaya ka leƙa bakinsa. A damina laka ce ke cika shi, a hunturu kuma ƙura ce ke haɗuwa da tururin mai ta daskare ta zama kamar kwalta. Babur da aka jingine a zaure ko rumfa na wasu watanni, zanzaro kan gina ɗakinsa na laka a cikin bakin tiyon, ya toshe shi tsaf, kuma idan ka karya lakar za ka tarar da 'yan tsutsotsin da ya tara a ciki. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tiyon da aka toshe da gangan: wani ya ga yana ɗigar da mai, sai ya cusa masa noti ko guntun itace, ya ɗauka ya yi gyara. Wanda ya yi haka ya mayar da ƙaramar matsala babba, domin man da ke fita ɗigo-ɗigo ta hanyar da aka tanadar masa yanzu zai fasa oyil sil.

Ka goge bakin tiyon ka hura. Iska ta wuce ba tare da wahala ba. Idan ta ƙi, ka wanke shi da kananzir ko ka sa sabo mai faɗin ciki daidai da na asali, domin siririn tiyo rabin toshewa ne. Sannan ka duba ƙaramin bututun da ke jikin inji inda tiyon ke shiga. Ka buɗe murfin zuba mai, ka sa tiyo mai tsafta a bututun ka hura a hankali. Ya kamata ka ji iska na fita ta ramin zuba mai. Idan ba ta fita, hanyar cikin ta cushe da dattin mai, kuma ba a tura waya da ƙarfi don kada dattin ya faɗa cikin inji.

Idan tiyon naka yana shiga akwatin matatar iska ne, ka buɗe akwatin. Ɗan danshin mai a ƙasansa ba komai ba ne, amma idan ka tarar da mai kwance, soson matatar kuma ya jiƙe sharkaf, to inji yana tura mai da yawa, kuma jiƙaƙƙen soso yana hana iska shiga, sai babur ya riƙa shan fetur, yana baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi. A ƙarƙashin irin wannan akwati sau da yawa akwai wani gajeren tiyo mai toshe a bakinsa. Shi wannan an toshe shi ne tun daga kamfani domin ya tara ruwa da mai, aikinka shi ne ka cire toshen lokaci-lokaci ka zubar ka mayar. Kada ka rikita shi da tiyon numfashi.

Batun mai mai launin madara kuma, ga yadda yake faruwa. Idan bakin tiyon ya sauka ƙasa sosai, aka shiga kududdufi ko rafi da inji mai zafi, ruwan yana sanyaya injin nan take, iskar ciki ta tsuke, sai tiyon ya zuƙo ruwa. Mai yawan ƙetare ruwa a damina ya kamata ya ɗaga tiyon ya bi ta ƙarƙashin kujera, ya lanƙwaso bakinsa ƙasa yadda ruwan sama da na wanki ba za su shiga ba. Gajerun tafiye-tafiye da ba sa barin inji ya yi zafi sosai su ma suna tara ɗan farin kumfa a murfin zuba mai, amma wannan yakan ɓace bayan tafiya mai nisa.

Mataki na huɗu: auna yawan hayaƙin da ke gangarowa

Idan hanyar numfashi a buɗe take, man kuma daidai yake, amma har yanzu tiyon na feshin mai, sai a koma kan ringi. Ka kunna inji ya yi zafi, ka bar shi a silo, wato yana aiki ba tare da an murɗa totur ba, ka kawo tafin hannunka kusa da bakin tiyon. A inji mai silinda ɗaya za ka ji iska na bugawa tana komawa, wannan kuma daidai ne, motsin fistin ne. Abin da ba daidai ba shi ne iska mai ƙarfi da ke fita ba ta komawa, tare da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da feshin mai. Don ka tabbatar, ka matse iskar da ke cikin ƙaramar leda, ka ɗaura ta a bakin tiyon da roba. A inji mai lafiya ledar za ta riƙa karkarwa tana cika sannu a hankali, a wanda ringinsa ya ƙare kuwa za ta kumbura tam cikin 'yan daƙiƙu. Ka cire ta da zarar ta cika. Wannan gwaji ba ya ba da lamba, amma idan ka yi shi a babur ɗinka ka kuma yi a wani irinsa mai lafiya, bambancin ba ya ɓuya.

Ma'aunin matsi shi ke yanke hukunci. Ka cire fulogi, ka kashe makunni, ka ɗaura ma'aunin a ramin fulogi, ka buɗe totur har ƙarshe, ka yi ta buga kiki har allurar ta daina hawa. Wanda ya manta bai buɗe totur ba zai samu lamba ƙasa da gaskiya. Ƙananan injina irin waɗannan idan suna da lafiya sukan ba da psi 140 zuwa 180 (psi shi ne awon matsin iska da ke jikin ma'aunin), kuma littafin kowane babur yana da tasa lambar. Abin da ya faɗo kusa da 100 alama ce ta lalacewa. Idan ka samu ƙasa, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. Idan lambar ta yi tsalle sama, ringi da silinda ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. Idan ba ta motsa ba, iskar tana kuɓucewa ne ta bawul ko gaskit na kan silinda, kuma kafin a kwance komai sai a fara duba tazarar bawul da inji a sanyaye, wadda a CG125 milimita 0.08 ce, a C70 da C90 kuma 0.05. Bawul da aka ɗaure ba tazara ba ya rufuwa sosai, kuma saita shi aikin 'yan mintuna ne.

Mataki na biyar: bin fetur daga tanki

Ka fara da murfin tanki, domin shi ma yana da ƙaramin ramin shan iska. Idan ramin ya toshe, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu kamar fetur ya ƙare, idan ka buɗe murfin ka ji ya yi tsaki, sai ya tashi. A rana mai zafi kuma, tankin da ba ya numfashi yana tara matsi ya tura fetur cikin kabureta da ƙarfin da allura ba za ta iya tarewa ba.

Ka duba ƙasan tanki, musamman layin walda na baya inda ruwa ke kwanciya ya ci ƙarfe. Fenti da ya kumbura ko ya yi laushi a wuri ɗaya alama ce ta ƙaramin rami a ƙarƙashinsa. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kai masa wutar walda don kawai an zubar da abin da ke ciki, tururin da ya rage ya isa ya fasa shi.

Daga nan sai famfon mai. Ka juya shi zuwa OFF, ka cire tiyon daga kabureta ka sa bakinsa a kwalba, ka jira minti goma. Ko ɗigo ɗaya bai kamata ya sauka ba. Idan yana ɗiga, robar cikin famfon ta gaji, kuma wannan yana nufin duk daren da babur ya kwana, allurar kabureta ce kaɗai ke riƙe da nauyin fetur na tanki guda. Ka juya zuwa ON da RES ka ga fetur na zuba sosai ba yankewa, sannan ka ɗaga kwalbar ka duba ta a haske. Jan gari a ƙasa tsatsar tanki ce, ƙwallayen da ke birgima a gindin kwalba kuma ruwa ne. Fetur da aka saya a galan ko kwalba a bakin hanya ya fi zuwa da irin wannan datti, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta hana allura rufuwa. Ƙaramar matatar fetur da ake sawa a tsakiyar tiyo tana da araha, kuma a ganina duk tsohon babur ya kamata ya samu ita.

Wasu babura suna da famfo mai tiyo biyu, wanda ba shi da OFF sai ON da RES da PRI. Siririn tiyon na biyu yana zuwa ne daga wuyan kabureta, zuƙar inji ce ke jan wata 'yar fatar roba ta buɗe hanyar fetur. Ka cire wannan siririn tiyo ka duba: dole ne cikinsa ya kasance a bushe. Idan ka ga fetur a ciki, fatar ta yage, fetur yana bi ta nan kai tsaye zuwa cikin inji ba tare da ya ratsa kabureta ba, kuma ko sau nawa aka wanke kabureta matsalar ba za ta tafi ba. Barin irin wannan famfo a kan PRI shi ma daidai yake da barin sa a buɗe.

Tiyon fetur kansa, idan ya ƙandare ko ya tsattsage a baki, a canza shi da na fetur na ainihi, a sa masa maɗauri a kowane gefe.

Mataki na shida: kabureta

A ƙasan kabureta akwai kwano, a cikinsa akwai fulot da ke tashi idan fetur ya taru, ya tura allura ta rufe hanyar shigowa. Idan allurar ta kasa rufewa, fetur zai ci gaba da hawa. Yawancin kaburetocin waɗannan babura suna da siririn bututun tagulla a tsaye cikin kwanon, wanda ke zubar da rarar ta tiyo zuwa ƙasa. Mai babur yakan ji haushin ganin fetur na zuba a ƙasa, amma wannan zubar ita ke ceton injinsa. Idan tiyon rarar ya toshe, ko an ƙulle shi da gangan, fetur zai haura cikin maƙogwaron kabureta, ya bi ta bawul ɗin shiga idan a buɗe ya tsaya, ya sauka kan fistin, ya sulale ta gefen ringi zuwa cikin baƙin mai. Ta haka ne yoyon fetur ke komawa matsalar numfashi: mai ya ƙaru, ya tsinke, ya fara fita ta tiyo da kowace kafa.

Idan ka zo buga kiki da safe ka ji ya ƙage bayan babur ya kwana da famfo a buɗe, kada ka taka da ƙarfi, domin abu mai ruwa-ruwa kamar fetur ba ya matsuwa, kuma silinda cike da fetur tana iya lanƙwasa sandar fistin. Ka kashe makunni, ka rufe famfo, ka cire fulogi, ka kawar da hularsa nesa da ramin, ka rufe ramin da tsumma, sannan ka taka kiki a hankali har fetur ya fita.

Ɗiga daga tiyon rara yana da dalilai da dama, kuma ana iya rarrabe su. A kaburetoci da yawa sukurun zubar da kwano yana amfani da wannan tiyo ɗin, don haka ka fara tabbatar da cewa a ɗaure yake. Sannan ka ƙwanƙwasa gefen kwanon a hankali da ƙotar sukudireba. Idan ɗigar ta tsaya, datti ne ko fulot da ya maƙale, kuma za ta dawo idan ba a wanke ba. Ka rufe famfo, ka zubar da kwanon, ka kwance shi. Ka riƙe shi a hannu ka zuba masa fetur har kusa da bakin bututun tagullar: idan ya ɗiga ta ƙasa alhali fetur bai kai bakin ba, bututun ne ya tsage a tsaye, tsagar da ido ba ya cika gani, kuma ana iya like ta da dalma bayan kwanon ya bushe sarai, ko a canza kwanon.

Ka zare fil ɗin fulot ka fitar da shi tare da allura. Ka girgiza fulot kusa da kunnenka. Idan ka ji motsin ruwa a ciki, ya huje, ya yi nauyi, ba zai ƙara tashi yadda ya kamata ba. Na tagulla ana iya tsoma shi a ruwan zafi, kumfa za ta nuna inda ramin yake. Ka duba kan allurar a haske: idan ka ga zobe ya zagaye tsinin, ko robar kan ta taurare, ta gama aiki. Ka danna ɗan fil mai sifirin da ke gindinta ka ga yana shiga yana dawowa. Ka goge mazaunin allurar da auduga a tsinke, ba da waya ko ƙusa ba. Bayan ka mayar da su, ka sa tiyo mai tsafta a mashigar fetur, ka kifa kabureta yadda nauyin fulot zai danne allura, ka hura: iska kada ta wuce. Ka juyo da ita daidai, iska ta wuce.

Gwaji na ƙarshe shi ne na tsawon fetur a kwano. Bayan ka ɗaura kabureta, ka sa tiyon nan da ake ganin cikinsa a mafitar ƙasan kwano, ka lanƙwaso shi sama a jikin kabureta, ka buɗe famfo, ka sassauta sukurun zubarwa. Fetur zai hau cikin tiyon ya tsaya daidai inda ya tsaya a cikin kwano, wanda a mafi yawan irin waɗannan kaburetoci yake kusa da mahaɗin kwano da jiki, ko ƙasa da shi kaɗan. Ka zuba masa ido na minti biyar. Idan yana ci gaba da hawa sannu-sannu, allurar ba ta rufe ba tukuna. Fulot mai harshen ƙarfe ana saita shi ta hanyar lanƙwasa harshen kaɗan-kaɗan bisa awon da littafin babur ya bayar, na roba zalla kuwa ba a lanƙwasa shi, sai dai a canza.

Idan injin mai ƙona 2T ne

A Suzuki A100 da AX100 da makamantansu, ɗakin kiranshaf ba shi da tiyon numfashi ko kaɗan, domin ta cikinsa haɗin fetur da iska ke bi kafin ya hau silinda, saboda haka dole ne ya kasance a rufe ruf. Tiyo ko ramin iskar da za ka gani na akwatin giya ne, shi ma idan ya toshe yana tura man giya waje. Abin dubawa a nan shi ne oyil sil biyu na kiranshaf. Idan na ɓangaren magneto ya lalace, inji yana zuƙar iskar da ba a auna ba: silo ya ƙi zama, gudu ya ƙi sauka bayan an saki totur, fulogi ya yi fari, inji ya yi zafi har fistin ya iya kamawa, kuma za ka ga danshin mai a bayan magneto. Idan na ɓangaren kuloci ne, inji yana shan man giya: hayaƙi mai kauri mai wari daban, fulogi na jiƙewa, man giya na raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Ana tabbatarwa ta hanyar toshe mashigar kabureta da mafitar salansa, a hura iska kimanin psi 5 zuwa 6, a ga ko za ta tsaya na 'yan mintuna, a kuma shafa ruwan sabulu a wuraren zargi a nemi kumfa. Ba a wuce wannan matsi, don kada a ture oyil sil mai lafiya daga mazauninsa. Kabureta mai yoyo a irin wannan inji tana cika ɗakin kiranshaf da fetur, babur ya ƙi tashi, fulogi na fitowa a jiƙe. Sai a rufe famfo, a cire fulogi, a kashe makunni, a buɗe totur duka a yi ta buga kiki har ya bushe.

Bayan an gyara

Duk man da fetur ko ruwa ya taɓa shiga, zubar da shi ake yi, ba a rage shi a ƙara sabo a kai. Ka bar shi ya tsiyaye sosai, ka wanke rariyar mai idan injin na da ita, ka sa sabuwar wasa a notin zubarwa, ka zuba sabon mai da awo kana duba geji. Idan ruwa ne ya shiga, ka yi tafiya kaɗan ka sake canzawa har launin madarar ya ɓace. Ka wanke soson matatar iska ko ka canza shi, ka sa fulogi mai tsafta.

Sai yanzu ne lokacin yanke shawara kan gaskit da oyil sil. Ka sake wanke injin, ka sake barbaɗa hoda, ka hau babur kwana biyu ko uku kana dubawa. Wuraren da matsi ne kawai ke tura su sau da yawa sukan bushe da kansu, wanda ya ci gaba da jiƙa shi kaɗai za a canza, kuma a duba sandar da yake kewaye da ita, domin idan ta yi zobe ko tana girgiza, sabon oyil sil ma ba zai daɗe ba. Ka shimfiɗa kwali mai tsafta a ƙarƙashin babur da dare, ka duba shi da safe tare da gejin mai, ka kuma saba da juya famfo zuwa OFF duk lokacin da za ka kafe babur fiye da 'yan mintuna.